Shawara: Ina so in sayar da filin gadona in tafi Turai karatun tarihin fasaha

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar cikin birnin Katsina ce, shekarata 27. Na yi digirina na farko a fannin zane da ƙere-ƙere, na gama bautar ƙasa, yanzu ina koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta. Tun ina jami'a abin da ke raina shi ne in yi digiri na biyu na bincike a kan tarihin fasaha da manufofin gwamnati kan al'adu, in Allah ya yarda in zarce na uku. Wata jami'a a Turai ta ba ni gurbi amma babu tallafi, kuma sun ce in biya kuɗin kama gurbin kafin ƙarshen wata mai zuwa. Ina da fili da na gada wajen mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, shi na yi niyyar sayarwa. Baba ya ce bai yarda ba, wai karatun gumaka ne kuma ba ya ba da abinci. Kawuna ya ce in yi mastas a fannin mulki ya nema mani aikin gwamnati. Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa ni da Baba. Ina jin tsoron in na bar wannan damar ta wuce ba zan sake samun irinta ba. Ki taimaka mani da shawara.

Wata 'yarki daga Katsina

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya sa Aljanna ce makomarta.

Kada ki sayar da filin nan. Na fara da shi ne domin cikin duk abin da kika lissafa shi kaɗai ne in an yi ba a warwarewa. Gurbin karatu ana sake samu. Jami'o'in can da yawa kowace shekara neman ɗaliban ƙasashen waje masu biya da aljihunsu suke yi, don abin da suke karɓa a hannunsu ya fi na 'yan ƙasa nesa ba kusa ba. Takardar da suka aiko maki ta nuna sakamakonki ya yi kyau, kuma ina taya ki murna har cikin raina, amma irin wannan ƙofar ba yau za a rufe ta ba. Fili kuwa a Katsina, in kin sayar bana, baɗi kuɗin ba zai saya maki kamarsa ba.

Ki zauna da biro da takarda ki yi lissafin gaskiya. Kuɗin makaranta ɗaya ne kawai daga ciki. Akwai haya, akwai abinci, akwai inshorar lafiya, akwai biza da kuɗin da za a ce sai an gani zaune a asusunki, akwai jirgi. Duk waɗannan da kuɗin waje za ki biya, ke kuma naira za a ba ki a kan filin. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a farkon 2024 ta haura 1,500. Waɗanda suka tafi da lissafin tsohon farashi da yawansu sun tsinci kansu a tsakiyar karatu babu na biyan zango na gaba. Sannan akwai abin da ya shafe ki ke musamman: in a kan fasahar ƙasarmu za ki yi bincike, kayan aikinki suna nan Katsina. Za ki biya kuɗin zama a Turai, ki sake biyan jirgi ki dawo gida ki tattara bayanai, ki sake komawa. Filin mahaifiyarki ba zai ɗauki wannan ba.

Wannan satin ki rubuta wa jami'ar ki roƙi su ɗage maki gurbin zuwa shekara mai zuwa, ki faɗa masu dalili ba ɓoye-ɓoye, cewa kina neman tallafi ne. Ki tambaye su ko sashen yana da nasa tallafin ga ɗaliban bincike. Jami'o'i da yawa suna yarda da ɗagewa. In sun ƙi, kin dai san takardunki sun isa a ɗauke ki, ki sake nema lokacin da kika shirya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki. Kin faɗa mani sunan fannin, kin faɗa mani inda za ki, amma ba ki faɗa mani abin da za ki bincika ba. Digirin bincike ba irin karatun da kika saba ba ne, na shiga aji a ba ki darasi ki rubuta jarrabawa. Yawancin lokacin ke kaɗai ce da tambaya ɗaya, shekara biyu a digiri na biyu, uku ko fiye a na uku, da malami mai duba aikinki wanda wataƙila sau ɗaya za ki gan shi a wata. Ba wanda zai tashe ki da safe ya ce ki tafi ɗakin karatu. Wanda ya shiga don a kira shi Dakta, ko don ya huta da surutun gida, a shekara ta biyu yake sarewa. Abin da ke riƙe mutum shi ne tambayar da ta hana shi sakat, wadda ko ba digiri zai so ya san amsarta. "Tarihin fasahar Hausawa" ba tambaya ba ce, fage ne da mutum ɗari za su yi aiki a ciki ba su haɗu ba. Sai kin tsuke shi har ya zama abin da za ki iya faɗa wa Baba a numfashi ɗaya ya gane.

Kuma ke Allah ya ajiye ki a inda tambayoyin suke birjik. Bari in nuna maki irin abin da nake nufi.

Akwai wani gida a cikin gari da nake wucewa ta gabansa tun ina yarinya. Fuskar zauren ginin ƙasa ce, da zankwaye a sama, da dagi babba a bisa ƙofa wanda magini ya fitar da hannunsa tun yaɓen yana ɗanye, har kana iya ganin inda yatsansa ya bi. Ranar da na tarar ana rushe shi za a sa bulo da tayil, na tsaya na gaida maigidan na tambaye shi dalili. Bai ce ya gaji da shi ba. Cewa ya yi duk shekara sai an yi yaɓe kafin damina, maginin da ke yi masu ya rasu, 'ya'yansa sun koma aikin siminti, kuma ko an sami mai yi, kayan haɗin sun yi wuya. To dubi wannan magana ta ƙarshe da kyau. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samunta. Laso, wanda ake shafe soro da shi don kada ruwa ya ci, da katsi ake haɗa shi, da gashin jima, da dafara. Katsi daga ƙasan rijiyar marina yake fitowa, gashin kuma daga majema. Ke nan ranar da marina ta mutu, ba rini kaɗai ya tafi ba, magini ma ya rasa abin aikinsa. Sana'o'in nan a sarƙe suke da juna, kuma duk wani tsarin gwamnati da zai ce a adana ginin gargajiya bai waiwayi marina da majema ba, a takarda zai tsaya. Wannan kaɗai kundi ne guda: tarihin fasaha a gefe ɗaya, manufar al'adu a ɗaya gefen, kuma a ƙafa za ki iya zagaya filin bincikenki.

Ko ki ɗauki Hasumiyar Gobarau. Tana cikin wuraren tarihi da gwamnatin tarayya ta ayyana, tana cikin birnin da ke da gwamnatin jiha da hukumarta ta tarihi da al'adu, tana kuma ƙarƙashin idon masarauta da mutanen unguwa. In ta tsage, wa ke da alhakin gyara? Wa ke yanke hukuncin da me za a gyara, ƙasa ko siminti? An taɓa gyara ta a baya, wa ya yi, me ya canza a siffarta? Amsoshin suna warwatse a fayil-fayil, da tsofaffin hotuna, da bakin dattawa, kuma mai haƙurin haɗa su ake jira.

Ko Durbi Takusheyi, can ƙasar Mani, inda kaburburan tsofaffin masu mulki suke. Baturen mulki Palmer ya tona wasu a 1907, aka sake tono a 1992 tare da masana daga Jamus. An samu awarwaro na hauren giwa da na tagulla, da duwatsun ado, da wuri, da kayan zinariya, har da wata tasa ta ƙarfe da aka gano daga Gabas ta Tsakiya ta fito, abin da ke nuna nisan inda cinikin Katsina ya kai ɗaruruwan shekaru da suka wuce. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su, daga baya aka dawo da su Najeriya. Ɗalibanki nawa suka taɓa jin wannan labari? Duniya ta cika da maganar dawo da kayan masarautar Benin ta kudancin Najeriya da sojan Ingila suka kwashe a 1897, musamman bayan Jamus ta sa hannu a 2022 kan mayar da mallakar fiye da guda dubu. Amma tambayar abin da ke faruwa da kaya bayan sun dawo, wa ke ganinsu, wa ke da iko da su tsakanin tarayya da jiha da masarauta, ba ta Benin kaɗai ba ce. Haka kuma jan jerin da majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar a 2000 na kayan Afirka da ake sacewa ana fitarwa, ya ambaci sassaken yumɓu na yankin Katsina da Sakkwato tare da na Nok. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba da izini ba. Tsakanin abin da doka ta ce da abin da ke faruwa a ƙauyen da ake haƙa, akwai aikin bincike mai yawa.

A ɓangaren manufa kuwa, ki nemi takardar manufar al'adu ta ƙasa da aka ƙaddamar a 1988 ki karanta ta daga farko har ƙarshe, ba ta da tsawo. Ki riƙa karantawa kina tambayar kanki wane sashe nata ya taɓa isowa Ƙofar Soro. A watan Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, kamar yadda ta sa bikin kamun kifin Argungu a 2016. Mu ma muna da hawan sallarmu, Daura na da Sallar Gani. Me irin wannan rajista ke ƙara wa badukun da ke ɗinka sirdi, ko mai yin lifidi, ko maƙerin likkafa? Tana ƙara masu ciniki, ko a kan mahaya da 'yan kallo take tsayawa? Ban san mai amsa wannan da kyau kamar 'yar gari da za ta zauna a rumfarsu ba.

Akwai kuma abin da kike da shi wanda yawancin waɗanda suka yi rubutu kan fasaharmu ba su da shi. Maza ne, da yawansu baƙi, a zaure suke tsayawa. Ke kina shiga cikin gida. Jeren ɗakin amarya da yadda ya tashi daga ƙwarya zuwa tasa da kwalla zuwa abin da ake yi yau, saƙar faifai da tabarma, ɗinkin hula da mata ke yi a tsakar gida a kai kasuwa da sunan wani, zanen lalle, duk tarihin fasaha ne, kuma kaɗan aka rubuta daga bakin masu yinsa. Ni da za ki bi son raina, nan za ki duba. Amma ke za ki zauna da tambayar shekaru, don haka ke za ki zaɓa.

In kin zaɓa, ki rubuta shafi biyu kawai: me nake son sani, me aka riga aka rubuta, wa zan tambaya, ina zan duba, wata nawa zai ɗauka. Wannan shafi biyun shi ne jarinki na gaskiya. Da shi za ki nemi malami, da shi za ki nemi tallafi, kuma in kin kasa cika shi, kin gane da wuri cewa da sauran shiri, ba tare da kin yi asarar ko sisi ba.

Kada ki raina karatun gida. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya girmi jami'ar kanta, domin tun zamanin kwalejin da ta gabace ta yake. A can ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta ce a daina kwaikwayon Turawa ido rufe, a koma a ɗebo daga fasahar gida. Suna da ɓangaren tarihin fasaha, kuma a garin ne masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 yake. Ba lallai ki sami sashen da ya haɗa sunayen fannonin nan biyu a allo ɗaya ba, amma ba abin da zai hana ki yi rajista a tarihin fasaha tambayarki ta kasance kan manufa, ki nemi malami na biyu daga sashen tarihi ko na kimiyyar tono kayan tarihi. A Kaduna akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa mai ɗauke da fayilolin lardin Katsina na zamanin Turawa, ga kuma Gidan Arewa. A nan gida ga gidan tarihin da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, a Zariya ya yi digirinsa na uku a kan tarihin Katsina, ya bi gari-gari yana jin ta bakin mutane yana haɗawa da rubutattun takardu, kuma har yau duk mai rubutu kan ƙasar nan, a gida ko a waje, sai ya bi ta kan aikinsa.

Ba zan ɓoye maki wahalarsa ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya ci. Digirin shekara biyu yakan kai uku ko huɗu. Ɗakunan karatu ba su da sababbin littattafai yadda ya kamata. Kuma akwai malamin da babi ɗaya zai kwana a teburinsa wata da watanni. Don haka kafin ki zaɓi wanda zai duba aikinki, ki nemi ɗalibansa na yanzu da waɗanda suka gama, ki tambaye su a keɓe: yana karanta abin da aka ba shi? Yana mayarwa a kan lokaci? Yana mutunta ɗalibai mata? A digirin bincike malami ya fi sunan jami'a muhimmanci, a gida da waje duka. Ki karanta wani abu da ya rubuta kafin ki tuntuɓe shi, ki aika mashi shafi biyunki da gajeriyar wasiƙa mai ladabi. Yadda ya amsa, ko ya ƙi amsawa, ya isa ya gaya maki abin da za ki tarar.

Shawarata ita ce ki yi na biyu a gida kina riƙe da aikinki, ki fitar da kundi mai kyau da maƙala ko da ɗaya ce, sannan ki nemi na uku a waje da cikakken tallafi in har lokacin kina so. Mai neman tallafi da ya zo da hotuna da hirarrakin da ba wanda ke da su ya fi mai zuwa da sha'awa kawai ƙarfi. Akwai tallafin ƙungiyar Commonwealth, wanda ake nema ta hukumar ba da tallafin karatu ta tarayya, akwai DAAD na Jamus. Chevening na Ingila na mastas ɗin shekara ɗaya ne na shiga aji, kuma sai da shekara biyu na aiki, ba na bincike ba ne. TETFund kuma, asusun tallafa wa manyan makarantu na tarayya, ma'aikatan manyan makarantun gwamnati take ɗauka, don haka in wata rana kika sami koyarwa a kwalejin ilimi ko jami'a, wannan ƙofar za ta buɗe maki. Duk waɗannan da kanki ake nema. Wanda ya ce ki ba shi kuɗi ya samo maki, ki riƙe jakarki.

Sai maganar Baba, wadda ita ce ta fi ci mani rai. A shari'a filin naki ne, ba mai ja. Amma zaman da kuke yi na gaisuwa kawai, ke da mahaifin da ya rage maki, ya fi ƙarfin duk wani digiri. Ke za ki fara, ba shi ba. Ki same shi lokacin da ba kowa, bayan isha'i ko da safe kafin ya fita, ki durƙusa ki ba shi haƙuri kan shirun nan, ki ce mashi kin fasa sayar da filin. Ranar kada ki kawo maganar karatu ko kaɗan. Ina kyautata zaton rabin ƙin da ya yi tsoro ne: 'yarsa za ta rabu da abin da mahaifiyarta ta bar mata, ta tafi ƙasar da bai sani ba ita kaɗai, a kan abin da bai ga ƙarshensa ba. Uba ba ya cewa ina jin tsoro, sai ya ce ban yarda ba.

In an kwana biyu hankali ya kwanta, sai ki zo mashi da maganar gumaka, kuma kada ki yi mashi ƙarya. Gaskiya ne a wannan fanni za ki karanta sassaken Nok da na Ife da na Benin, za ki ga hotunansu, wataƙila ki rubuta jarrabawa a kansu. Ki faɗa mashi haka. Ki kuma faɗa mashi aikin mai tarihin fasaha nazari ne, ya san wa ya yi abu, yaushe, da me, don me, ya kuma rubuta. Hukuncin addini a kan wannan ba ni zan yanke ba, ku je tare wajen malamin da shi Baba ya yarda da shi, ki yi bayanin aikin da bakinki, ku ji. Amma ki nuna mashi abin da ke kike son yi. Ki ɗauko babbar rigarsa ta salla ki shimfiɗa a gabansa, ki sa yatsa a kan aska takwas ɗin da ke ƙirjinta, da tambarin da ke gefe. Ki tambaye shi wa ya ɗinka, a wace unguwa, nawa ya saya, da zaren tsamiya ne ko na kanti. Ki tambaye shi ko ya san sau da yawa wanda ke zana fasalin a kan yadi daban, galibi malami ne mai hannun rubutu, wanda ke bi da allura kuma daban. Ki ɗauko maganar zayyanar da ake yi wa allon mai sauka da gefen Alƙur'ani rubutun hannu. Garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ba baƙon alƙalami da tawada ba ne, kuma mafi yawan fasaharmu a gini da tufa da fata da rubutu take. Na tabbata kafin ku tashi shi zai riƙa ba ki labari, ke kina rubutawa.

Kuma kina buƙatarsa fiye da yadda kike zato. Budurwa ba ta sallama a zauren Sarkin Magina ko rumfar dukawa haka kawai ta ce ta zo bincike. Sai an gabatar da ita, an ce 'yar wane ce, an bi ta wajen mai unguwa, wani wurin ma sai da izinin fada. Baba ne zai buɗe maki waɗannan ƙofofin. In ya raka ki sau ɗaya ya ga yadda dattijo ke murna an zo tambayarsa sana'ar kakanninsa, ba sai kin sake yi mashi wani bayani ba.

Maganarsa ta abinci kuwa, yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma gara ki ji daga bakina. Guraben aiki a wannan fanni kaɗan ne: koyarwa a jami'a ko kwaleji, gidajen tarihi, hukumomin al'adu, wani lokaci ƙungiyoyin waje masu aikin adana kayan tarihi. An kafa ma'aikatar tarayya ta fasaha da al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira a 2023, aka ba 'yar jiharmu Hannatu Musawa, kuma hakan ya sa ana yawan maganar fannin, amma yawan magana bai zama albashi ba tukuna. Shi ya sa na ce kada ki saki koyarwarki. Kawu kuma ki gode mashi da kyau, kada ki rufe ƙofarsa. Ki ce mashi in zai taimaka, ya taimaka ta wajen da ya dace da karatunki, hukumar tarihi da al'adu ko wata kwaleji. Mastas a fannin da ba kya so don kawai a sami abin rubutawa a fom, shekara biyu ce za ki ba abin da ba zai zauna maki ba.

Kafin a buɗe neman gurbi, ki fara aikin da abin da ke hannunki. Wayarki ta isa ɗaukar hoto da murya. Ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi, duk hira ki rubuta rana da wuri da sunan mai magana da wanda ya koya mashi sana'ar. Ki nemi izini kafin ki ɗauki hoto ko murya, musamman a cikin gida, wanda ya ce a'a ki bar shi, wanda ya ce kada a sa sunansa ki cika mashi alkawari. Ki riƙa zuwa da ɗan goro ko abin da ya sawwaƙa, domin lokacin sana'arsu kike ci. In kin wanke hoto ki kai masu nasu. Duk abin da kika ɗauka ki ajiye shi wuri biyu, waya tana faɗuwa, ana kuma sace ta. Ki fara da tsofaffi, su ba sa jira.

Ki tsaya cikin birni da garuruwan da hanyarsu ke da lafiya, irin su Daura, kuma ko nan kada ki tafi ke kaɗai. Ƙananan hukumomin da ke fama da 'yan bindiga ki bar su tukuna, ko da wace irin taska aka ce maki akwai, ki tsara tambayarki yadda ba za ta dogara da zuwa can ba.

In kin rubuta shafi biyun ki turo mani ta adireshin wannan fili, zan karanta in gaya maki inda na ga ya yi faɗi da yawa. Ki gaida mani da Baba. Allah ya yi maki jagora, ya daidaita tsakaninku.

Antinki